Anti Adaka da Littafin da Ya Fita Ba Ɗankwali

Shagon Gwaggo ɗaki ne guda, a jerin shagunan da ke fuskantar ƙofar kotu. Tebur biyu ne a ciki. Na bakin ƙofa shi ke ɗauke da kwamfuta da firinta, na ƙurya kuma an ɗora masa injin kwafi, wanda sai an ɗan buge shi a gefe kafin ya yarda ya ja takarda. Akwai bencin masu jira, da fanka mai juya kai ɓangare ɗaya kawai. Shekara ashirin da wani abu ke nan tana buga wa mutane takardu a nan: takardar rantsuwa, takardar neman aiki, yarjejeniyar haya, wasiƙar ban haƙuri. A kan tafireta ta koyi aikin tana budurwa, shi ya sa har yau dukan madannai take yi kamar sun yi mata laifi. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu kowa na gidansa. Ƙanwar mahaifina ce. A layin kotu ana ce mata mai buga takarda, amma a cikin waya, inda waɗanda suka san ta suka fi yawa, sunanta Anti Adaka.

Na dawo gida bayan shekara bakwai ina karatu a wata ƙasa mai nisa, kuma kafin aiki ya samu sai na riƙa zuwa shagon ina taya ta zama. Baturiya take ce min, tun ranar da ta gan ni ina shan shayi ba sukari.

Sai da na yi mako biyu ina zuwa kafin na lura da inda hankalinta yake. Da zarar bencin ya yi wayam, sai ta ture takardun kotu gefe, ta gyara zaman tabarau, ta jawo wayarta.

Adaka shafi ne da ta buɗe a intanet shekara tara da suka wuce, don adana labaran da marubuta ke saki a zaurukan hira na waya. Marubutan nan yawancinsu mata ne, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu zaman gida, kuma da babban yatsa suke rubutu. Babi-babi suke saki. Da safe a sa babi na goma, kafin yamma gaisuwa da tallan takalma da sanarwar haihuwa sun binne shi. Wadda ta zo a makare sai ta yi ta roƙo, don Allah wa ke da na tara, wa ke da na sha ɗaya. Gwaggo ita ke bi tana tsince su. Takan nemi izinin mai labari, ta jera babobin, ta gyara inda yatsa ya zame, ta ɗora a shafin. Sannan ta rubuta layi biyu ko uku na ɗanɗano, ta ɗauki adireshin ta shiga da shi zaure-zaure tana talla. Ɗanɗanon nan yakan ci mata rabin awa. Ta ce in ya yi tsawo ba za a karanta ba, in ya tona asirin labari mai shi za ta yi fushi. Zaure talatin da ɗaya take ciki. Wayarta har zafi take yi, sai ta kifa ta a kan siminti ta huce.

Na ce, "Gwaggo, me kike samu a cikin wannan aikin?"

"Ciwon wuya," ta ce, ba ta ɗago ba.

Mai hoto, wanda shagonsa ke jikin nata, yakan leƙo in ba shi da kowa. "Edita, yau wa aka kashe a littafin?"

"Kai ne, amma sai babi na gaba."

"To a kashe ni da rigar kirki."

Cikin zaurukan nan akwai guda da ta fi ji da shi, na marubuta zalla, mutum arba'in da shida. Tana cikin waɗanda suka kafa shi. Suna da wani tsari da suke kira ɗaga littafi. Ranar Litinin ta farkon kowane wata, dukansu za su sa hoton bangon sabon littafin mutum ɗaya a duk inda suke da murya, a safiya guda, ta yadda duk wanda ya buɗe waya a ranar sai ya yi karo da shi. Wadda aka ɗaga nata takan wayi gari da dubban masu karatu, ko da jiya ba wanda ya san da ita. Layi ake bi. Sau huɗu layin yana zuwa kan Gwaggo, sau huɗu tana bar wa wata.

Ba don ba ta da littafi ba. Yana cikin durowar tebur, a wata shuɗiyar jakar roba. Labarin wata mata ce mai shara a asibiti, wadda ta haddace sunan duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin da take sharewa. Shekara shida Gwaggo tana rubuta shi. Ta ba ni babi uku na karanta a kan bencin, tana buga wa wani takardar haya tana satar kallona ta saman tabarau.

"Ba ki ce komai ba."

"Ina jiran na huɗu ne."

"Daɗin baki," ta ce, amma ta miƙo.

A wannan karon ta riga ta shaida wa zaure cewa ba za ta bar wa kowa ba. An rubuta sunanta, saura wata uku.

Cikin waɗanda ta taɓa bar wa layi har da Jan Biro. Malamar firamare ce, ba ta kai talatin ba. Shekara huɗu da suka wuce ta zo shagon yin kwafin tambayoyin jarrabawa, ta manta wani littafin rubutu a kan bencin. Gwaggo ta buɗe don neman lambar waya, sai ta tarar da labari, an rubuta shi da jan biron duba aikin yara. Ba ta rufe ba sai da ta kai inda rubutun ya tsaya. Da malamar ta dawo nema, Gwaggo ta ce ba za ta bayar ba sai an kawo mata ci gaban. Ita ta buga mata littafin nan gaba ɗaya a tsakanin masu zuwa shago, ita ta shigar da ita zaure, ita ta laƙaba mata sunan da ya bi ta. Lokacin da na dawo, Jan Biro tana sakin littafinta na uku, har an fara tsayar da ita a hanya. Mama take ce wa Gwaggo. Duk ƙarshen mako takan biyo da lemo biyu masu sanyi, su zauna suna gardamar wanda ya kamata ya auri wa a cikin labarin wasu.

Wata rana Gwaggo ta ce in duba mata shafin, ya fara nauyin buɗewa. Na zauna na buɗe wani babi, na yi ta ja ƙasa ban ga labari ba. Da farko jerin taurari da furanni. Sai sunan littafi, sai sunan marubuciya da laƙabinta, sai sunan zaure da takensa. Sai sadaukarwa ga ƙawa wance, da jinjina ga masu sharhi su goma sha biyu, kowa da sunanta. Sai gargaɗi cewa ba a yarda a juya labarin nan ta kowace siga ba. Sai wasu furannin kuma. Na ƙirga layi ashirin da uku kafin wani ya buɗe baki a cikin labarin. Babi na gaba ma haka, da na bayansa.

"Wannan fa, Gwaggo?"

"Ɗankwali ke nan. Haka muke ce masa. Babi ba ya fita kai a buɗe."

"Kowane babi?"

"Ke in za ki fita kullum, ranar farko kaɗai kike ɗaurawa?"

Na yi dariya, amma ban bar maganar ba. Na nuna mata yadda shafukan adabi suke a inda na yi karatu, sunan marubuci sau ɗaya a sama da manyan baƙaƙe, daga nan sai labari. Na ɗauki babi guda na Jan Biro na gwada mata. Na cire ɗankwalin, na sa sunanta a saman shafin, na ba layukan tazara. A cikin babin kuma, can ƙarshe, na ƙara ɗan layi ɗaya: An ɗauko daga Adaka. Na ce mata wannan shi zai riƙa jawo mata baƙi.

Gwaggo ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kama da littafi na gaske," ta ce a hankali.

"Ai dama na gaske ne."

"Za su ji haushi an cire gaisuwar ƙawayensu."

"Ki tambaye su mana."

Ta tambaya. Ta rubuta a zaure cewa tana so ta gyara fasalin Adaka, za ta rage ɗankwali ta mayar da suna sama, duk wadda ba ta yarda ba ta yi magana. Mutum uku suka ɗaga mata babban yatsa. Sai wata ta sa hoton jaririn da ta haifa, maganar ta nutse a ƙarƙashin barka. Jan Biro a makon tana fama da takardun jarrabawa, ko buɗe zauren ba ta yi ba. Mu kuwa muka ɗauki shirun a matsayin yarda. Mako uku muna aikin, ni a kwamfuta ita a waya, babi ɗari shida da 'yan kai.

Abin da ban sani ba shi ne, ba a shafin yawancin mutane suke karatu ba. Mutum ɗaya ce za ta shiga, ta danne rubutun da yatsa, ta kwafe babin, ta watsa a zaurenta, daga can wata ta tura gaba. Sunan da na sa a sama da manyan baƙaƙe yana nan zaune a shafin, ba ya bin kowa. Abin da ke cikin jikin babi shi kaɗai ke tafiya. Ɗankwalin da na raina, shi ne shaidar da babi ke fita da ita ya nuna na wane ne. Mun cire shi, mun bar layin da na ƙara a ƙasa.

Wata biyu ba a ga komai ba sai alheri. Masu shiga shafin suka ninka. Gwaggo ta sa mai hoto ya zana mata bangon littafinta, tsintsiya a jingine da ƙafar gadon asibiti, ta sa ya canja launin bargon har sau uku.

Ranar wata Talata da tsakar rana Jan Biro ta shigo, da ƙurar alli a hannun rigarta. Ba lemo. Ba ta zauna ba. Ta ajiye wayarta a kan tebur ta kunna.

Muryar namiji ce, irin masu karanta littattafai a tashoshin bidiyo don masu aikin hannu da waɗanda karatu ke yi wa wuya. Ya gaishe da masu sauraro, ya ce yau za su fara sabon littafi mai taɓa zuciya, daga alƙalamin shahararriyar marubuciyar nan Anti Adaka. Sannan ya shiga karanta babi na ɗaya na littafin Jan Biro na biyu. A ƙarƙashin bidiyon, adadin waɗanda suka saurara ya haura dubu tamanin.

"Uwar wani ɗalibina ce ta turo min," in ji Jan Biro. "Ta ce tunda ina ɗan taɓa rubutu, in saurara in ga yadda manya ke yi."

Gwaggo ta miƙe. "Zauna, 'yata, in yi miki bayani."

"A tsaye ma ina ji."

"Sunanki na nan a shafin. Baturiya, buɗe mata ta gani."

Na buɗe. Ta kalla sau ɗaya.

"Na gani. Ban da ni wa ya gani? Mama, ke kika koya min ɗaura ɗankwali. Ke kika ce ko babi mai layi biyar ne kar in sake shi haka. Da bakinki, a kan bencin nan."

"Na faɗa."

"To me ya canja?"

Na ce ni na kawo shawarar, kuma ni na ƙara layin ƙasan. Ko kallona ba ta yi ba.

"Wannan ba ta san mu ba, Mama. Ke kin san mu."

Mai hoto ya leƙo da wata tsokana a bakinsa, ya ga fuskokinmu, ya koma da ita. Jan Biro ta ɗauki wayarta ta fita. Wani tsoho da ke jiran takardar rantsuwa ya yi gyaran murya, Gwaggo ta zauna ta ɗora hannu a kan madannai. Sau uku tana tambayar sa shekarar haihuwarsa.

Bayan ya tafi na ba ta haƙuri. Ta ɗaga min hannu.

"Na san babi tafiya yake yi, Baturiya. Shekara tara ina kallon sa yana tafiya. Kyan abin ne ya rufe min ido. So na yi ranar da za a ɗaga nawa, mutane su zo su tarar da wuri a share."

Kafin yamma magana ta cika zaure. Gwaggo ta rubuta bayani, ta haɗa da hoton saƙon da ta tambaye su tun farko, da yatsu ukun nan a ƙarƙashinsa. Biyu daga masu yatsun suka ce su ba su karanta ba, sun danna ne don girmamawa. Sauran suka shiga bincike, kowa ta gano babinta yana yawo a wani wuri da sunan Adaka a gindinsa. Saƙonnin murya suka yi ta shigowa, Gwaggo tana kara wayar a kunne ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Na jiyo wata tana cewa dama ta daɗe tana mamakin mutumin da zai yi wa jama'a bauta shekara tara don Allah kawai. Wata kuma ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa Anti ba ta taɓa sakin littafi ba, ashe na mutane ya ishe ta. Wannan ta biyun, ita Gwaggo ta bar wa layi bara.

Gwaggo ta rubuta wa mai tashar. Bayan mako guda ya gyara sunan a rubutun da ke ƙasan bidiyon, inda ba mai dubawa. Muryarsa kuwa tana nan tana faɗin abin da ta faɗa.

Shugabar zauren, wata ma'aikaciyar jinya da suka kafa shi tare, ita ta kira. Gwaggo ta sa wayar a lasifika don hannunta na kan aiki.

"Anti, ni na san ba da gangan kika yi ba."

"To ki faɗa musu."

"In na faɗa, zauren zai rabe biyu. Yaran nan sun ce ko ke ko su. Ki ɗan ja gefe har abin ya lafa."

"Saura kwana goma sha ɗaya a ɗaga nawa."

"Wannan kuma, Anti, ai ke ma kin san ba zai yiwu yanzu ba."

"In fita da ƙafata, ko za ki cire ni?"

"Da kin fita da ƙafarki ya fi mutunci."

"Cire ni. Ni na sha cire mutane, ban taɓa ganin yadda yake fitowa a wayar wanda aka cire ba."

Bayan 'yan mintoci wani ɗan layi ya fito a ƙasan hirar, cewa Shugaba ta cire ta. Gwaggo ta karanta, ta kifa wayar a kan siminti, ko da yake ba ta yi zafi ba.

Washegari ta fara mayar da ɗankwalayen. Ta ƙi yarda in taya ta. Ta fito da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ta riƙa tono tsofaffin saƙonni, tana kwafo kowane ɗankwali da furanninsa da taurarinsa, tana mayar wa babinsa, tana goge layina na ƙasa. Tana cikin yi marubuta na aiko saƙo ɗaya bayan ɗaya a sauke musu littattafansu. Sai ta gama mayar wa littafi kayansa tukun, sannan ta sauke shi. Na ce mata wannan wahalar banza ce, tunda ba wanda zai gani. Ta ce yadda aka ba ta haka za ta mayar. Cikin littafi hamsin da biyu, bakwai suka rage a shafin, na waɗanda suka daina rubutu ko suka canja lamba, da na wata da ta rasu.

Litinin ɗin ta zo. Zaure ya ɗaga littafin wata, Gwaggo tana ganin bangonsa a duk inda ta buɗe, a zaurukan da ba su cire ta ba tukuna. Ta buga wa mutum biyu takarda. Da bencin ya yi wayam sai ta jawo durowa, ta fito da shuɗiyar jakar, ta ɗora babi na ɗaya a Adaka. Ina tsaye a bayanta. Babin ya fara ne kai tsaye da matar tana matse tsumma a bokiti.

"Gwaggo, sunanki."

"Yana sama. Da manyan baƙaƙe, yadda kika koya min."

"Ki sa a cikin babin. Ko layi ɗaya ne."

"Wa zai karanta abin da ya fito da sunana yanzu? In da suna, cewa za su yi na wa ta sato kuma. In babu, wataƙila su karanta matar nan. Ita ba ta yi wa kowa komai ba."

Ba ta rubuta ɗanɗano ba, ba ta kai adireshin zaure ko ɗaya ba. A ranar farko mutum huɗu suka buɗe. Ni, da ita, da mai hoto, da wani ko wata da ba mu sani ba. Ta ci gaba da saki, babi guda duk bayan kwana biyu.

Tana kan babi na tara, a wani zauren masu sayar da kayan kicin da ba ruwansa da adabi, wata ta rubuta, don Allah wa ke da na takwas na matar asibiti. Gwaggo ta nuna min, ta mayar da wayar aljihun jaka, amma a ranar sau biyu tana ce wa mai hoto ya zo ya sha shayi. Kafin a kai babi na ashirin labarin ya shiga ko'ina. Mutane suka fara tambayar wa ya rubuta. Wata ta ce hannun ya yi kama da na Jan Biro. Ba ta yi ƙarya ba, shekara huɗu Gwaggo na gyara mata jimloli har hannunsu ya zama ɗaya. Sai wata ta tambayi Jan Biro kai tsaye, a gaban jama'a, ko ita ce take gwada su. Jan Biro ta amsa da ɗan hoton fuskar nan mai rufe baki da hannu. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Daga ranar wata mai son ta ta ɗaura wa babobin ɗankwali da sunanta, da furanni, har da gargaɗin kar a juya. Haka suka ci gaba da yawo.

Jan Biro ta san jakar nan. Ta karanta abin da ke ciki a kan bencin da na zauna, tun kafin in dawo ƙasar.

Na ce wa Gwaggo zan yi rubutu in watsa, da hoton jakar, da takardun da ta yi wa gyara da hannunta.

"Ki ce musu me? Ɓarauniya ta ce an yi mata sata?"

"Akwai kwanan wata a shafin. Zai nuna ke kika fara sawa."

"Na mutane ma ai ni ke fara sawa."

"To ki kira ta."

"Tana da lambata, Baturiya."

Gwaggo ba ta daina saki ba. Na zaci za ta tsaya a tsakiya ta bar su da roƙo, ko ta sa sunanta a babin ƙarshe. Ta kai shi har babi na arba'in da ɗaya, ta rufe labarin yadda ta tsara tun shekara shida, sannan ta mayar da jakar durowa. Jan Biro takan wuce ta layin kotu wani lokaci in an tashi daga makaranta. Ta ɗaya gefen titin take bi.

Ni na samu aiki, zuwana shagon ya koma na ranar Asabar. Makon jiya na tarar da wata budurwa a kan bencin tana jiran a buga mata takardar neman aiki. Wayarta na kan cinyarta tana magana, muryar mutumin nan ce ta tashar bidiyo.

"Yi haƙuri Anti, abin kunnena ya lalace. In kashe?"

"Bar shi."

"Littafin Jan Biro ne, na matar asibitin nan. Wallahi sau biyu yana sa ni kuka a cikin bas, mutane na kallona."

Gwaggo ta ci gaba da dukan madannai. Mutumin yana karanta wurin da matar ta ga takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gadon da aka kwashe mai shi da safe. Sai hannun Gwaggo ya tsaya.

"Ya tsallake layi biyu."

"Na'am?"

"Bayan ta ɗauki takalmin, sai da ta goge shi da gefen zaninta kafin ta ajiye. Ya tsallake."

"Ashe ke ma kin karanta, Anti."

"Na karanta."

Ta zaro takardar daga firinta, ta duba ta daga sama har ƙasa, ta kai ta tebur na ƙurya. Ta bugi injin a gefe.

"Kwafi nawa za a yi miki?"